Waɗanda Suka Sha Nonon Mawada

Hillat Mahmud, kusa da Mai Wurno
Litinin

Yaya Aminat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da aikin karɓar haihuwa. Kakarmu Iya tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man zafi na gwiwa. Na ba Mujtaba mai hafla, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, takardar nan ne don kin san wayar gidanmu: duk saƙon muryar da ya shigo sai an kunna shi a tsakar gida, kowa ya ji har kaji.

Yaya, Mawada matar ƙaninki Ƙasimu ta ɓata mini rai, in ban faɗa wa wani ba fashewa zan yi. Kin tuna yadda muke yi lokacin tsinkar auduga, ko Madani ta mantar da ke? Mu kwantar da jarirai a inuwar rakuba, rumfar nan da ke bakin hawasha, wato gonar audugar, mu bazu cikin gona. Wanda ya yi kuka, mai nonon da ta fi kusa ita ke ɗauka ta ba shi, ba a tsayawa neman uwa. Da yamma a je a shaida wa Iya, "Yau na shayar da ɗan wance," ita kuma ta ce, "Na ji, na riƙe," don kada wata rana a ɗaura aure tsakanin 'yan'uwan nono. Haka muka taso muka tarar.

To shekaranjiya ina can ƙarshen hawasha na ji ɗana Mazin yana tsala ihu. Ban damu ba, don na san Mawada tana rakuba da ɗiyarta Ruƙayya. Kuka ya ƙi ƙarewa. Da na iso na same ta zaune, tata ɗiyar a kan nono, nawa kuwa tana jijjiga shi da hannu ɗaya tana ɗiga masa ruwa da cokali. Yaro har ya shiɗe. Na ce, "Mawada, ɗayan nonon na ado ne?" Ta ce, "Ki yi haƙuri, Hindu, ba zan iya ba." Na ce don me? Ta maimaita. Yaron nan fa watansa goma, kuma tun yana wata biyu yake shan nononta.

Tun da ta dawo da Ruƙayya daga asibitin Sinnar ta canza. Yarinyar ta sha zawo da farin baki har ta koma ƙashi da fata, duk mun tausaya. Amma ina jin wani ya sa mata a kai cewa bakin 'ya'yanmu ne ya shafa wa tata ciwo. 'Yar birni ce, ko mafarki da Larabci take yi, dama can kallon ƙazamai take mana. Na faɗa mata haka a gaban mata, na ƙara da abin da ba zan rubuta ba. Hawaye kawai ta yi, kuma hakan ya fi ƙona mini rai.

Yaya Ƙasimu da maigidana Abu Mazin suna Gadarif da lori suna jigilar riɗi, sai ƙarshen wata. Bari ya dawo, zai ji labarin matarsa.

Ki gaida yara da kyau.
Ƙanwarki, Hindu

*

Wad Madani
Alhamis

Hindu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Man Iya yana wurin Mujtaba.

Bakinki bai canza ba, ke har a takarda ana jin tsawarki. Ni dai na daɗe ina aikin nan, ban taɓa ganin mace mai nono a cike ta saurari kukan jariri ta hana shi don girman kai ba. Jikinta ma ba zai bar ta ba. Idan Mawada ta hana, akwai dalili, kuma dalilin ya fi zaginki nauyi tunda ta iya haɗiye shi.

Kada ki ƙara tsare ta a gaban mutane. Ki lura mini da abu biyu: maganin da ake ba Ruƙayya na kullum ne ko na 'yan kwanaki? Ita Mawada tana shan wani abu? Ki rubuto.

Ki gaida Iya. Allah ya bar mu tare.
Yayarki, Aminat

*

Hillat Mahmud
Asabar

Yaya Aminat,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Ban samu damar lura da komai ba, ita da kanta ta kawo amsar. Jiya bayan la'asar Mawada ta je ta ce wa Iya tana da shaidar shayarwa, kuma tana so duk matan rakuba su zo su ji. Dariya muka yi. Mai hana nono ce za ta yi shaida? Muka taru a tsakar gidan Iya, an ɗora jabana, tulun gahawa, a wuta, ni har na shirya maganar da zan yaɓa mata.

Ta shigo da Ruƙayya a kafaɗa, aka ba ta tabarma ta ƙi zama. Kin san Hausarta a karkace take, kalma biyu ta uku Larabci. Jiya ko kalmar Larabci ɗaya ba ta saka ba, don tsofaffi su ji da kyau. Ta ce, "Iya, na zo shaida. Na shayar da Mazin ɗan Hindu. Na shayar da Alhasan ɗan Hauwa. Na shayar da ɗiyar Umma."

Iya ta ce, "Duk na san wannan, ɗiyata."

Ta ce, "Abin da ba ki sani ba, akwai ciwo a nonon. A Sinnar an gwada jinin Ruƙayya, an gwada nawa, muna da ƙanjamau. Daktora ta ce yana bin nono. Wallahi ban sani ba lokacin da na ba su. Ku kai su a gwada. In an samu akwai magani, ga Ruƙayya nan tana sha."

Yaya, jabana ta tafasa ta zube a garwashi babu wadda ta motsa. Can Hauwa ta ce, "Ke a ina kika samo shi?" Mawada ta dube ta ta ce, "Ban san namiji ba sai Ƙasimu." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Kuma babu wadda ta musa, sai sunkuyar da kai, don wace ce a cikinmu ba ta san gidan da 'yan lori ke sauka a Gadarif ba? Wace ce ba ta san matar nan mai shayi ta garin Suki ba? Wurin daka muke zolayar juna da zancen, mu ce namiji ne, in dai ya dawo da sukari da atamfa shi ke nan.

Sannan Iya ta ce, "Na ji, na riƙe," daidai yadda take faɗa kullum.

Daga baya na ji cewa daktora ta faɗa mata sirrinta ne, babu wanda zai tilasta mata ta bayyana. Da ta so, sai ta yi shiru, ta janye nononta, ta sha zagina na 'yan kwanaki ya wuce. Ta san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo: kafin magariba Hauwa ta fasa finjalin da Mawada ta saba sha da shi a gidanta, yau da safe kuma ta je ɗiban ruwa mata suka dare mata kamar an jefa dutse cikin kaji. Duk ta san haka za a yi, ta tsaya da ƙafafunta ta kira sunayen 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya.

Ban san abin da ke zuciyata ba. In na dubi Mazin sai in ji kamar in je in shaƙe ta. In na rufe ido kuma sai in gan ta tsaye, siririya, lulluɓinta yana zamewa, muryarta ko rawa ba ta yi. Ni da nake ji da baki, ban taɓa faɗin magana mai rabin nauyin wannan ba. Tsoronta nake ji, Yaya, irin tsoron da ake ji wa manyan mutane.

Tun jiya nake buɗe bakin Mazin ina neman fari. Ki faɗa mini gaskiya, ɗana zai mutu?

Ƙanwarki, Hindu

*

Gadarif
Talata

Zuwa ga babbar yayata Aminat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya tare da iyali baki ɗaya.

Bayan haka, labarin abin da iyalina ta aikata a gidan Iya ya iso mini nan. Har a tasha ana nuna ni. Ban musanta cewa ta faɗa mini sakamakon asibiti ba, kuma na umarce ta da ta yi shiru har in dawo mu san abin yi. Ta saɓa.

Abin da ya faru ƙaddara ce, kuma wanda ke kwana a hanya wata da watanni shi ya san halin da yake ciki. Ba wannan ya sa na rubuto ba. Ke ce babba, tana jin maganarki. Ki sa ta bar yawo gida gida tana cewa a je Sinnar. Maganar nan ba a kaina kaɗai za ta tsaya ba. Mu da yawa muke sauka a gida ɗaya, kuma ba na son in kama suna. Idan aka ci gaba da tonawa, gidaje da yawa za su girgiza, har da na ƙanwarmu Hindu. Rufin asiri ya fi.

Ina neman addu'arki. Wassalam.
Ƙaninki, Ƙasimu

*

Wad Madani
Juma'a

Hindu,

Wa alaikumus salam. Ki natsu ki karanta a hankali.

Ba kowane yaron da ya sha nonon mai ciwon ke ɗauka ba, da yawa suna tsira. Wanda ya ɗauka kuma, in an gano da wuri, yana shan magani ya girma ya yi aure. Abin da ke kashewa shi ne rashin sani. Ki faɗa wa Hauwa ta yi asarar finjalinta a banza, ciwon nan ba ya bin ƙoƙo ko akushi ko gaisawa.

Ku bi Mawada zuwa Sinnar, ita ta san ƙofar. In kin je, kada ki miƙa Mazin kaɗai. Ki miƙa hannunki ke ma, ki kai 'yan matanki biyu.

Na san za ki ce me ya haɗa ki. Ƙasimu ya rubuto mini, ba zan kwashe miki abin da ya ce ba. Amma mijinki Alamin da shi lori ɗaya suke shiga. Ki tambayi kanki inda Alamin yake kwana idan lori ta tsaya.

Ki gaida mini Mawada, ki ce ina gaishe ta da babbar murya.
Yayarki, Aminat

*

Hillat Mahmud
Laraba

Yaya Aminat,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba, ki yafe mini. Da na karanta takardarki ta ƙarshe na yi fushi da ke har na cusa ta cikin murhu. Na ce Yaya ta zauna a birni ta koyi zargin mazan mutane.

Mun je Sinnar. A hafla Hauwa ta zauna can baya, ta toshe hanci da mayafi. Mawada ba ta kula ba. Ita ta shige gaba a asibiti, ta bi da mu ta wani lungu, tana gaisawa da ma'aikata kamar gidan ubanta. Alhasan ya fita lafiya, ɗiyar Umma ma haka, da iyayensu, da 'yan matana biyu. Hauwa ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Ni ce ban fita ba, Yaya. Ina da shi.

Na ce wa daktora ai daga nonon Mawada ne, ya bi ta bakin yaro ya shige ni. Ta ce hakan yana iya faruwa amma da wuya ƙwarai, ta tambaye ni aikin maigidana. Na Mazin kuwa ta ce tunda ina da shi, kuma yaron ƙarami ne, gwajin nan take ba zai nuna gaskiya ba. An ɗiga jininsa a takarda an aika da shi, sai mun jira.

Da na fito na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Mawada ta karɓi Mazin ta goya, ta ba ni tata ɗiyar in riƙe. Ta ce, "Dube ta da kyau." Yaya, yarinyar da muka fara yi wa kallon gawa ta yi kumatu, tana ja mini ɗankunne tana dariya. Yanzu har tana kama sandar rakuba ta miƙe. Mawada ta ce, "Ƙwaya ɗaya ce kullum, Hindu. In kin manta zan ƙwanƙwasa miki katanga." Ko da wasa ba ta tuna mini abin da na ce mata a gona ba. Ni na tuna, kuma kunya ta kusa kashe ni.

Abu Mazin ya dawo. Na rufe ƙofa na tambaye shi tambayarki. Da ƙyar ya ce gida ɗaya ne, kuma wani lokaci mace ɗaya ce. Na yi masa abin da kika san zan yi, maƙwabta duk sun ji fashewar kwanuka, ba su dai san dalili ba. Ya je Sinnar a ɓoye, shi ma yana da shi. Yanzu muna shan ƙwaya tare, ba ma magana.

Kin ga abin mamaki? Ina can ina zagin matar da ta hana ɗana nono, ashe ciwon yana cikin wanda nake ba shi safe da yamma da hannuna. Da ba ta tashi ta yi magana ba, da har yau ina ɗura masa ban sani ba. Daktora ta ce tunda na fara magani in ci gaba da shayar da shi, an kuma ba shi nasa na ruwa. Amma ɗan wani, ko sau ɗaya.

To a nan ne matsalar. Kin tuna Salih, marayan maƙwabtanmu da uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa? Ba a kai shi gona, don haka Mawada ba ta taɓa shayar da shi ba, kuma ba a gwada shi ba. Ni nake ba shi tun ranar suna. Shekaranjiya kakarsa ta miƙo mini shi ta kan katanga yana kuka, na ji bakina yana cewa, "Ki yi haƙuri, ba zan iya ba." Kallon da ta yi mini na san shi, ni na fara yin sa.

Cikin mata babu wadda ta sani sai Mawada. Ita kuma ba ta ce mini in yi ko kada in yi ba. Me zan yi, Yaya?

Ƙanwarki, Hindu

*

Wad Madani
Lahadi

Hindu, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ki riƙe maganin nan kamar salla, za ki ga jikokinki in Allah ya yarda.

Game da Salih, akwai hanya mai sauƙi. Zan zo ƙarshen mako in ce wa kakarsa zan kai shi Madani a duba lafiyarsa. A gwada shi a nan, sunanki ba zai fito ba. Kina da 'yan mata biyu da za a nema wata rana, kuma kin ga abin da aka yi wa Mawada a bakin ruwa. Na yaba mata har zuciyata, amma ke ƙanwata ce, ba na so ki sha abin da ta sha. Babu wanda zai ga laifinki.

Ki ba Mujtaba amsa.
Yayarki, Aminat

*

Hillat Mahmud
Asabar

Yaya Aminat,

Assalamu alaikum. Na gode, amma kada ki wahalar da kanki, an riga an gama.

Na so in bi shawararki. Sai na ji kakar Salih tana neman wata mai shayar da shi, kuma wadda ta samu matar ɗan lori ce, ba a taɓa gwada ta ba. Jiya bayan la'asar na sa Iya ta tara mata. Na faɗa, har da inda na samo shi. Muryata ta yi ta rawa, ni mai baki. Mawada ta zo ta tsaya a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa, har na kai ƙarshe.

Iya ta ce, "Na ji, na riƙe." Ta ƙara da cewa daga yau ba za ta karɓi shaidar kowace mace ba sai ta je Sinnar ita da mijinta. Kafin a watse mata biyu sun ja Mawada gefe suna tambayar wace hafla ake shiga. Gobe za mu kai Salih.

Ni da mutum a gefena na yi, kuma da ƙyar na kai gida. Ita ranar da ta yi nata babu kowa kusa da ita. Har yanzu ban gane yadda ta iya ba.

Sakamakon Mazin ya zo. Babu, Yaya. Za a sake gwadawa bayan yaye, amma yau babu. Kafin in faɗa wa ubansa, gidan Mawada na fara shiga.

Iya tana gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki, Hindu